Tarihin Awon Wutar Lantarki a Ƙasar Zamfara

A kasuwar Tsafe ko ta Bungudu ba a sayar da hatsi sai da tiya, mai saye kuwa yana tsaye yana gani. Wutar lantarki ita ce hajar da aka daɗe ana sayar wa jama'a da ka, ba tare da awo ba.

A 1972 aka haɗa hukumar ECN da hukumar da ke kula da madatsar Kainji, aka sami NEPA. A zamaninta masu amfani da wuta suka yi ta ƙaruwa, mita ta yi ƙaranci, sai aka shiga yanka wa gidaje kuɗin wata bisa ƙiyasi. Magidancin da ya kashe ƙwai da rana bai ga ragi ba, balle ya yi tattali. Ita ma hukumar ba ta iya bambance wutar da ta sayar da wadda ta salwanta a hanya.

Dokar 2005 ta kafa NERC domin sa ido. A 2013 aka sayar da kamfanonin rarraba wuta, Gusau da kewayenta suka kasance ƙarƙashin na Kaduna. A 2015 gwamnati ta amince da manufar tattalin makamashi, a 2020 kuma NERC ta sanya iyaka ga kuɗin ƙiyasi.

To, amma duk ƙa'idar tattali da za a ɗora wa kamfani, ba ta tabbata sai an auna abin da ya shiga kowane gida.