Hunturu

hunturu (suna, namiji) Lokacin ɗari da hazo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da busasshiyar iska ke kaɗowa daga hamadar Sahara. Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Mubi irin ta Turai, amma hazo kan lulluɓe duwatsun Mandara har su ɓace wa ido, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso sai an bi ta da man kaɗanya. Duk da haka lokaci ne mai shiga rai: gyaɗa ta zo gida, yara sun kewaye murhu da asuba, Inna na dama kunu, Kaka na tatsuniya bayan isha'i. Misali: "Yaya, hunturu ya kankama, ka zo gida mu sha kunun Inna." Duba kuma: ɗari, hazo.