Hular fitila: Siffofinta da wadda ta dace da gidajen Sakkwato

Hular fitila ita ce murfin da ake kifawa a kan ƙwan lantarki domin rage kaifin haskensa da karkatar da shi zuwa inda ake bukata. Mutane da dama suna ɗaukar ta kayan ƙawa kawai, irin wanda ake jerawa a ɗakin amarya. Sai dai a birni kamar Sakkwato, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ke shiga kowane lungu, hular da ba ta dace ba tana gajiyar da ido, tana cinye haske, wani lokacin ma ta haddasa gobara.

Daga alkuki zuwa lantarki

Kafin zuwan lantarki, gidan Bahaushe na dogara ne da fitilar kasko mai man gyaɗa da lagwanin auduga. Ana ajiye ta a alkuki, wato ɗan gurbin da magina ke bari a jikin bango, wanda ke kare harshen wutar daga iska. Daga baya aci-balbal da fitilar ƙwai masu kananzir suka shigo. Bayan da Thomas Edison ya fito da ƙwan lantarki mai ɗorewa a Amurka a 1879, damuwar ta sauya: ba iska ake gudu ba, sai hasken da ke kashe ido. Wannan ne aikin hula a yau.

Manyan siffofi

Siffar hula ce ke nuna inda haske zai nufa. Mai siffar ganga, wadda faɗin samanta da ƙasanta ɗaya ne, tana raba haske sama da ƙasa daidai, don haka ta dace da falo. Mai siffar kifaffen mazurari, mai tsukakken sama da buɗaɗɗen ƙasa, tana zubo mafi yawan hasken ƙasa, kuma ita ce ta fi dacewa da gefen gado. Mai siffar malfa ta fi ta faɗi da gajarta. Tana haskaka tebur ko wurin karatu sosai, amma idan aka rataye ta can sama ƙwan yana fitowa fili. Mai siffar ƙararrawa tana da lanƙwasa a jiki, galibi da yadi mai tattara. Mai siffar ƙwallo tana rufe ƙwan gaba ɗaya, ta watsa haske mai laushi ko'ina. Mai kusurwa huɗu kuwa tana zama daf da bango, ba ta cin wuri a ƙaramin ɗaki.

Kayan da ake yin ta da su

Yadi mai haske, kamar farin auduga, yana barin haske ya ratsa, amma yana kama ƙura, musamman mai tattara, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. Gilashi da ƙarfe tsumma kawai suke bukata. Fitattun hulunan gilashi masu launuka su ne na kamfanin Tiffany, da suka yi suna a New York tun shekarun 1890. Na ƙarfe masu huji-huji, waɗanda ke zana inuwa a bango, an fi sanin su da biranen Fas da Marrakesh na Maroko.

A Maroko ana kuma yin hula da fatar akuya da aka kankare ta yi siriri, a yi mata zane da lalle. Sakkwato ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin fatar jar akuyarta ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Wanda ke son hular gida zai iya sa maƙeri, kamar na Maƙera Assada, ya lanƙwasa masa firam na waya, baduku ya rufe shi da fata. Ƙwarya da aka huda da kwandon kaba su ma suna yin wannan aiki.

Abin lura kafin saye

Na farko shi ne zafi. Tsohon ƙwai mai zaren wuta yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na lantarkin da yake ja zuwa zafi, don haka haɗa shi da kaba, ƙwarya, takarda ko roba ganganci ne. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken da ya kai na tsohon mai wat 60, ba tare da wannan zafin ba. Duk da haka, a bar tazara tsakanin ƙwai da hula, a kuma tabbatar akwai kafa a sama da iska za ta fita.

Na biyu, gidan da ke amfani da sola ko janareta ya guji hula mai duhu ko kauri, domin tana haɗiye hasken da aka biya da tsada. Na uku, girma: masu tsara ɗaki kan ba da shawarar tsayin hula ya kai kimanin kashi biyu cikin uku na tsayin gindin fitilar. Na huɗu, a duba mazaunin ƙwan, ko mai murɗawa ne ko mai fil biyu, domin duka biyun suna kasuwa.

Gwaji mafi sauƙi shi ne mutum ya kunna fitilar ya zauna inda ya saba zama, ko kujera ce ko darduma. Idan idonsa na hango ƙwan, hular ba ta yi aikinta ba.