Fanshon Da Ya Daskare A Bakin Iyaka

Wanda ya tashi daga Garki ya nufi arewa, ko ta Babura ko ta Gumel zuwa Maigatari, ba zai yi wata doguwar tafiya ba zai tarar da shingen iyaka. Bayan shingen nan ƙasar Damagaram ce, wajen su Magarya da Dungas. Harshenmu ɗaya, muna auratayya, muna cin kasuwar juna. Layin da ya raba mu Ingila da Faransa ne suka zana shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sannan aka bi shi ana kafa alamomi har zuwa 1908. Kakanninmu ba su fasa tsallakawa ba, ko don cin rani, ko fatauci, ko gudun aikin dole. Mutum yakan yi shekarun ƙarfinsa rabi a nan rabi a can, kuma hakan bai dami kowa ba, domin idan tsufa ya zo gandu da 'ya'ya ne ke ɗaukarsa. Matsalar ta soma ne ranar da gwamnatoci suka fara yin alkawarin riƙe tsoho da kuɗi. Kowace gwamnati littafinta take dubawa, kuma shekarun da aka yi a bayan shinge ba sa cikin littafin.

A ɓangarenmu, fansho ya shigo ne a matsayin hakkin ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka. Dokar fansho ta 1951, wadda aka mayar da aikinta baya zuwa 1 ga Janairun 1946, ita ce tushen da aka ɗora sauran a kai. A 1961 aka kafa asusun ajiya na ma'aikatan kamfanoni, a 1979 gwamnatin soja ta fitar da dokoki masu lamba 102 da 103, ɗaya ta farar hula ɗaya ta sojoji. Duk waɗannan an gina su ne a kan zaton cewa ma'aikaci zai fara aiki a ƙasa ɗaya, ya tsufa a cikinta, ya mutu a cikinta.

Mutanen da suka fara karya wannan zato da yawansu sojoji ne. Tun 1857 Faransa take da rundunar baƙaƙen fata da ta laƙaba wa sunan 'yan bindigar Sanagal, ko da yake daga duk ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma ake ɗibarsu, har da Nijar. Daga 1919 ɗibar soja ta zama tilas ko a lokacin zaman lafiya, shekara uku ga wanda ƙuri'a ta faɗa wa. Wannan na cikin dalilan da suka sa samari da dama daga ƙasar Faransi suka riƙa sulalowa kudu zuwa ƙasar Ingilishi, wasu ma ba su koma ba. Waɗanda suka tafi kuwa sun yi yaƙin duniya na biyu, wasu sun zarce yaƙin Indochina daga 1946 zuwa 1954, wasu har Aljeriya. Wanda ya cika shekara 15 cikin kaki yana da hakkin wani kaso na fansho, kuma baitulmalin Faransa ne ke biya.

Tun kafin a kai ga maganar fansho an zubar da jini a kan albashi. Ranar 1 ga Disambar 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, aka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamusawa, saboda sun nemi a biya su ragowar kuɗinsu. Hukuma ta ce 35 suka mutu, masana tarihi da dama suna ganin sun kai ɗaruruwa. Sai a Nuwambar 2024 shugaban Faransa ya kira abin da sunansa na kisan kiyashi.

Abin da ya fi shafar zancenmu ya faru ne ba tare da ƙarar bindiga ba. Ranar 26 ga Disambar 1959, ana dab da bai wa ƙasashen nan 'yanci, majalisar Faransa ta cusa wani sashe mai lamba 71 cikin dokar kasafin kuɗi. Sashen ya ce duk ɗan ƙasar da ta sami 'yanci, fanshonsa zai tsaya cak a kan adadin da yake karɓa a lokacin. Faransawa suna kiran wannan cristallisation, wato daskarewa. Nijar ta sami 'yanci ranar 3 ga Agustan 1960. Daga nan, abokin yaƙinsa Bafaranshe, mai muƙami ɗaya da shekarun aiki ɗaya, ana yi masa ƙari duk lokacin da rayuwa ta yi tsada, shi kuwa tsohon sojan da ya koma Damagaram sai ɗan abin da gwamnati ta ga damar sammasa jifa-jifa. Ba a hana shi fansho ba, shi ya sa abin ya daɗe ba a yi masa kallon zalunci ba. An dai bar hauhawar farashi ta riƙa gutsurar kuɗin shekara bayan shekara.

Yadda aka warware wannan ƙulli darasi ne a kan jan ƙafa. A 1985 tsofaffin sojojin Sanagal su 743, ƙarƙashin jagorancin Ibrahima Gueye, suka kai ƙara gaban kwamitin kare hakkin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1989 kwamitin ya ce an nuna musu wariya. Faransa ta yi biris. Wani tsohon saje mai suna Amadou Diop, wanda ya yi aiki daga 1937 zuwa 1959, ya bi ta kotunan Faransa, kuma ranar 30 ga Nuwambar 2001 babbar kotun da ke duba ayyukan gwamnati ta ba shi gaskiya. Ya riga ya rasu tun 1996. A 2002 gwamnati ta yi ƙari, amma ta auna shi da tsadar rayuwar ƙasar da tsohon yake zaune, ta yadda na Yamai ba zai taɓa kamo na Paris ba. A 2006 fim ɗin Indigènes na Rachid Bouchareb ya tayar da ƙura, sai gwamnatin Jacques Chirac ta daidaita kuɗin nakasa da ɗan alawus ɗin mayaƙa daga 2007. Ainihin fanshon ritaya kuwa sai da kotun tsarin mulki ta yi hukunci ranar 28 ga Mayun 2010, aka fara aiki da shi 1 ga Janairun 2011, kuma wani ɓangaren gyaran sai mutum ya rubuta takardar nema.

Mu yi lissafi. Saurayin da aka ɗauka soja a 1940 yana ɗan shekara 20, a 2011 shekararsa 91. Tsakanin dokar da gyaranta shekara 51 ne. A ganinmu duk ma'ajin da ya iya ƙirga ya san cewa kowace shekarar jinkiri tana rage yawan masu bin bashin.

Ingila ta bi wata hanyar, wadda ba ta bar wa kowa ƙofar kai ƙara ba. 'Yan mazan jiyanmu da suka je Burma cikin runduna ta 81 da ta 82, galibinsu an sallame su ne da garatuti na lokaci ɗaya. A Accra, ranar 28 ga Fabrairun 1948, an harbe uku daga cikin tsofaffin sojojin da suka yi maci don neman hakkinsu. Da 'yanci ya zo, nauyin fanshon 'yan ƙasa ya koma wuyan sababbin gwamnatoci. Turawan da suka yi aikin mulkin mallaka kuwa, majalisar Birtaniya ta yi doka a 1973 da ta ba ta damar karɓar biyan fanshonsu da kanta, don kada ya dogara da aljihun Legas ko Accra.

Duniya ta san maganin wannan ciwo tun da daɗewa. Faransa da Italiya sun ƙulla yarjejeniyar kare hakkin ma'aikatan juna tun 1904, shekarar da ake zana iyakarmu. Ƙasashen Turai shida sun mayar da abin doka a 1958, kuma har yau tarayyarsu a kan wannan turba take. Dabarar ita ce haɗa shekaru. Mu ɗauka ƙasashe biyu kowacce tana neman shekara 15 ta biyan gudummawa kafin ta ba da fansho, kamar yadda Gana take neman wata 180. Mutum ya yi shekara 9 a ɗaya, 8 a ɗayar. Idan babu yarjejeniya, ya yi aikin shekara 17 amma bai cika sharaɗin kowa ba, iyakarsa a mayar masa da ɗan abin da ya tara. Idan akwai yarjejeniya, kowace ƙasa za ta ƙirga 17 ɗin don ta buɗe masa ƙofa, sannan ta farko ta biya kaso 9 cikin 17, ta biyun ta biya 8 cikin 17. Babu wadda ta biya shekarar da ba a yi mata aiki ba.

Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun saba da irin wannan: rumbun bayanai biyu da ba sa magana da juna. Haɗa su ba ya gagara idan an yarda a kan lambar da za a gane mutum da ita. Sai dai a nan yankin mutum ɗaya yakan zama Mamadou Issoufou a takardar Nijar, Muhammadu Yusuf a ta Nijeriya, ranar haihuwarsa kuma a can an rubuta “wajen shekara kaza”, a nan an rubuta 1 ga Janairu. Ko tsarin kansa ya bambanta. Tun dokar 2004, wadda aka sabunta a 2014, ma'aikacin tarayya da na kamfani asusun kansa yake tarawa, shi ya zuba kashi 8 cikin ɗari, mai aikinsa ya zuba 10. Asusun Nijar, wato CNSS da aka kafa a 1965, tukunya ɗaya ce ta kowa da kowa, da shekarun gudummawa ake auna rabo. Jigawa ma da nata tsarin daban tun 2001, inda ma'aikaci da gwamnati suke zubawa a asusu guda. Yadda za a mayar da shekaru su zama naira, ko naira ta zama shekaru, aiki ne da sai gwamnatoci sun zauna sun yarda.

Sun taɓa zama. A 2013 shugabannin ECOWAS suka amince da yarjejeniyar kare hakkin ma'aikata masu ƙaura, wadda ta tanadi haɗa shekarun nan da kuma biyan mutum duk inda ya koma cikin yankin. Aiwatarwa ce ta yi ta tafiyar hawainiya, kuma ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata. Ƙasashen da Faransa ta raina suna da nasu dandalin, CIPRES, tun 1993, amma Nijeriya ba ta ciki. Gaskiya ne mafi yawan masu tsallaka iyaka ta Maigatari ranar Alhamis dillalan shanu ne da manoma da 'yan ci-rani, waɗanda ba su da fansho a kowace ƙasa. Amma akwai malamin makaranta, akwai direban kamfani, akwai ma'aikaciyar jinya, kuma su ne ke faɗawa ramin da ke tsakanin littattafan biyu.

Yanzu tafiyar ta yi nisa fiye da Damagaram. Likitocinmu da ma'aikatan jinya suna Ingila da Amurka da Saudiyya, kuma kowace ƙasa da agogonta. Ma'aikacin gwamnati a nan yana ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki. Amurka tana neman kimanin shekara 10 ta aiki, ba ta biya kafin 62, cikakken kuɗi kuma sai 67 ga wanda aka haifa daga 1960. Tana da yarjejeniyar haɗa shekaru da ƙasashe wajen 30, babu ko ɗaya a Afirka. Saudiyya ta cire baƙi daga fanshon tsufa tun 1987, sai kuɗin sallama. Birtaniya tana neman aƙalla shekara 10, cikakke 35, shekarun karɓa kuma suna hawa daga 66 zuwa 67. Don haka wanda ya yi shekara 9 a Landan ya tattaro ya dawo gida ya rasa fanshon gwamnatin can saboda shekara guda. Wanda ya ajiye aiki a 60 kuma sai ya san abin da zai ci na shekara shida ko bakwai kafin kuɗin can ya fara zuwa.

Idan ya fara zuwa ma, akwai sauran magana. Birtaniya tana yi wa fanshonta ƙari duk shekara ga wanda ke zaune a cikinta, ko a Tarayyar Turai, ko a wasu ƙasashen da ta yi yarjejeniya da su kamar Amurka da Jamaika. Nijeriya ba ta cikin jerin. Wanda ya dawo Dutse ko Garki ya zauna cikin danginsa, kuɗinsa zai tsaya a kan adadin da ya fara karɓa a nan. Wata mata mai suna Annette Carson, wadda a lokacin take zaune a Afirka ta Kudu, ta ƙalubalanci wannan ƙa'ida har kotun kare hakkin ɗan Adam ta Turai. Kotun ta kori ƙararta ranar 16 ga Maris na 2010, wata biyu da 'yan kwanaki kafin kotun Faransa ta soke tata daskarewar.