Kayan Zaƙi na Gida Ba Tare da Farin Sukari, Alkama ko Madara Ba

Akwai mutane da yawa a cikin al'ummarmu waɗanda likita ya umarce su da su rage farin sukari, ko su daina cin alkama, ko su guji madara. Da yawansu sun ɗauka cewa sun yi ban kwana da kayan zaƙi ke nan har abada. A wannan shafi muna so mu nuna cewa akasarin kayan marmarin da iyayenmu suka saba yi, tun kafin sukarin kanti da fulawa su cika kasuwanninmu, ba sa buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa uku. Abin da ya rage shi ne a san yadda ake haɗa su, a kuma san iyakar da za a tsaya wajen ci.

Dalilin Gujewa Waɗannan Abubuwa

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini. Ta ƙara da cewa in an rage shi zuwa kashi 5, wato kimanin giram 25 ko ƙaramin cokali 6 ga baligi, to ya fi alheri. Kwalbar lemon kanti guda ɗaya mai santilita 35 kan ɗauki fiye da giram 30. Yawan sukari na janyo ruɓewar haƙori da ƙiba, ita kuwa ƙiba tana buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka zaƙaƙa a Nijeriya.

Shi kuwa gulutin, sinadari ne da ke cikin alkama da sha'ir, kuma shi ne ke ba ƙullin fulawa danƙo. Masu cutar hanji da ake kira siliyak, waɗanda aka ƙiyasta sun kai mutum 1 cikin 100 a duniya, in suka ci shi yakan lalata musu bangon ƙaramin hanji, ya jawo gudawa, rama da ƙarancin jini. Ga waɗannan, alkaki, dublan, cincin, funkaso da fanke duk ba nasu ba ne. Gero, dawa, masara, shinkafa da acca ba su da gulutin. Ya kamata mu faɗi gaskiya a nan: wanda alkama ba ta yi masa komai ba shi da wata ribar lafiya in ya daina cin ta, duk da yayin da ake yi wa abin a intanet.

Game da madara, kimanin kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya ba sa iya narkar da sukarin da ke cikinta yadda ya kamata, sai ta sa musu kumburin ciki da murɗa. Irin waɗannan su ne alewar madara da gullisuwa ke wahalarwa.

Abin da Zai Maye Gurbin Sukari

Dabino ne kan gaba a ganinmu. Ana noma shi a Dutse ta Jihar Jigawa, inda cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa take da reshen binciken dabino, kuma ana shigo da mai yawa daga Jamhuriyar Nijar. Fifikonsa shi ne ana cin sa dungurungum, da ɓawonsa da harzarsa, don haka yana cika ciki kuma yana ɗauke da sinadaran gina jiki waɗanda farin sukari ba shi da su sam. Ana cire ƙwallon, a jiƙa naman cikin ruwan ɗumi na kimanin rabin awa in busasshe ne, sannan a daka ko a markaɗa ya zama kamar ƙulli. Wannan ƙullin shi ne zai zaƙaƙa abu kuma ya haɗe shi wuri ɗaya.

Bayan dabino akwai zuma, da mazarƙwaila da ake dafawa daga ruwan rake, da maɗi da ake samu daga ɗinya. A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Zuma da mazarƙwaila ba a tace su kamar sukarin kanti ba, amma a cikin jini aikinsu kusan ɗaya ne da nasa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa zuma cikin sukarin da ta ce a rage. Shi kansa dabino, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Saboda haka mai ciwon sukari kada ya saki jiki don an ce masa abu na gargajiya ne. Ya nemi shawarar likitansa kan adadin da zai ci. Har ila yau, ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, domin takan ɗauki ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba.

Yadda Ake Haɗawa

Dakuwa ita ce mafi sauƙi, kuma ita muka fi ba da shawarar a fara da ita. A samu aya busasshiya gwangwani 2 da gyaɗa gwangwani 1. A tsince ayar sosai domin ba ta rabuwa da tsakuwa, a wanke, a shanya, sannan a soya ta sama-sama har ta yi ƙamshi. A soya gyaɗar daban a murje ɓawon. A niƙa ayar a tankaɗe, a zuba a turmi tare da gyaɗar, da dabino kamar 15 zuwa 20, da ɗan gishiri, citta da barkono kaɗan ga mai so. A yi ta kirɓawa har man gyaɗar ya fito ya haɗe komai, sai a cuccura. Ba a zuba ruwa ko kaɗan, domin ruwa ne ke sa ta yi saurin lalacewa. Muna jan hankalin iyaye mata da su zubar da duk gyaɗar da ta yi hunhuna ko ta yi ɗaci, domin irinta kan ɗauki gubar afulatoksin mai illa ga hanta, kuma suya ba ta kashe wannan guba.

Nakiya, wadda ba a rasa ta a garar amarya, asalinta garin shinkafa ce, don haka ba ta da gulutin. A jiƙa shinkafar tuwo, a tsane, a niƙa, a soya garin a wuta mai sanyi har ya sauya launi kaɗan. Sai a haɗa da zuma mai ɗumi da dakakken kanumfari, citta da masoro, a kirɓa. Man shanu da aka saba sawa daga madara yake, sai a yi amfani da man gyaɗa a madadinsa. Ɗanɗanon zai ɗan bambanta, ba za mu ɓoye wannan ba, amma tana yin kyau kuma tana jure ajiya.

Kantun riɗi kuwa, riɗi ne soyayye a zuba cikin narkakkiyar mazarƙwaila, a baza a faranti da aka shafa wa mai, a yanka tun yana da ɗumi.

Ga mai son abu mai sanyi, kunun aya ya isa ya tsaya a matsayin madara. A jiƙa aya ta kwana, a markaɗa da dabino da kwakwa, a tace da ƙyalle mai tsabta. Ana iya dama fura da shi maimakon nono. In aka zuba masa farin garin 'ya'yan kuka cokali 2 ko 3, zai yi kauri da ɗan tsami mai kama da na kindirmo, ga shi kuma garin kuka na da sinadarin bitamin C mai yawa. In aka ƙulla shi a leda ko ƙananan kofuna aka sa a firji ya daskare, yara ba za su nemi askirim ba. Abin lura shi ne kunun aya ba ya jure zafi. In babu firji a shanye shi a ranar da aka yi. Mutanen Balensiya ta ƙasar Sifen ma suna yin irin wannan abin sha da aya, kuma sun shahara da shi.

Gargaɗi ga Masu Cutar Siliyak

Ko ɗan burbushin alkama na iya tayar wa mai wannan cuta da ciwo. Injin niƙan unguwa yana niƙa alkama da gero da shinkafa bi da bi ba tare da an wanke shi ba, saboda haka ya fi aminci a daka a turmin gida, ko a yi amfani da injin markaɗe da aka keɓe. Haka nan rariya da muciya da farantin da aka yi aikin fulawa da su, a wanke su tas kafin a taɓa. In za a sayi masa a waje, a tambayi mai tuya, domin wasu kan ƙara fulawa ko nono a ƙullin don ta yi laushi.