Tsatsar da ba ta da ja: tarihin yadda aka koyi kare ƙananan jiragen sama

Duk wanda ya taɓa barin fartanya a waje da damina ya san tsatsa. Ja ce, tana fitowa fili, kowa ya gani. Tsatsar jirgin sama ba haka take ba. Jikin yawancin ƙananan jirage da alminiyam ake yinsa, wato sanholo, shi kuwa idan ya fara ruɓewa farin gari yake fitarwa kamar toka, kuma a inda ido ba ya kaiwa: cikin fiffike, ƙarƙashin daɓen da matuƙi ke taka ƙafa, da tsakanin fallaye biyu da aka haɗe da ƙusoshi. Ina so in bi da mai karatu ta tarihin yaƙi da wannan ɓarna, domin a ganina tarihi ne na jiragen da suka yi tsawon rai fiye da yadda maƙeransu suka zata.

Jiragen farko ba su san wannan matsala sosai ba. Guda ukun nan na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano a 1925, katako ne da ƙyalle aka ɗinke. Abokan gabarsu danshi ne da rana. Amma tun kafin nan an riga an shuka irin canji a Jamus. A 1906 wani masanin ƙarafa mai suna Alfred Wilm ya gauraya alminiyam da ɗan jan ƙarfe, kimanin kashi 4 cikin ɗari, ya gasa shi, ya tsoma a ruwa, ya ajiye. Da ya dawo bayan ƴan kwanaki sai ya tarar ya ƙara tauri da kansa. Wannan gauraye shi aka sa wa suna duralumin. Ga rashin nauyi, ga ƙarfi. Kamfanin Junkers ya ƙera jirgin fasinja F 13 da shi a 1919.

Sai dai jan ƙarfen da ya ba shi ƙarfi shi ne kuma ajalinsa. Tsantsar alminiyam tana yi wa kanta wata fata siririya da zarar ta haɗu da iska, fatar nan kuwa tana tsare ta. Da aka sa jan ƙarfe a ciki, idan ruwa mai gishiri ya taɓa wurin sai ƙarafan biyu su zama kamar batir, ɗaya yana cin ɗaya. Ɓarnar takan bi ta cikin ƙarfen, har ya riƙa ɓarewa falle-falle kamar albasa alhali samansa na ƙyalli.

Turawan Ingila, masu jiragen da ke sauka kan teku, su suka fara jin jiki. A 1923 masana biyu, Bengough da Stuart, suka fito da dabarar tsoma ƙarfen cikin ruwan asid a sakar masa lantarki, don fatar nan ta kariya ta yi kauri. A Amurka kuma kamfanin Alcoa ya fito da Alclad a 1927: a ɗauko fallen duralumin a lulluɓe shi gaba da baya da tsantsar alminiyam, a murje su tare. Hikimar ita ce ko da an karce shi, rigar waje ce za ta fara lalacewa ta fanshi na ciki. Daga baya aka ƙara da fentin share fage mai sinadarin tutiya da kuromiyam, wanda launinsa ke tsakanin rawaya da kore. Duk wanda ya leƙa cikin jirgin yaƙin duniya na biyu a gidan tarihi ya ga wannan launi.

Ke nan kafin 1945 an san maganin. To me ya sa har yau masu ƙananan jirage ke fama? Amsar tana ga ciniki. Bayan yaƙi kamfanonin Amurka irin su Cessna da Piper suka shiga ƙera jirage masu kujera biyu zuwa shida da dubbai. Cessna 172, wanda ya fito a 1956, an ƙera fiye da 44,000, babu jirgin da ya kai shi yawa a tarihi. Fenti yana da nauyi, yana cin kuɗi da lokacin ma'aikata. Saboda haka da yawa daga cikin jiragen Cessna na wancan zamani sun bar masana'anta cikinsu tsirara, babu kariya sai rigar Alclad, in ba mai saye ya biya ƙarin kuɗi ba. Waɗanda aka harhaɗa a garin Reims na Faransa kuwa an shafe cikinsu tun daga masana'anta, shi ya sa har gobe masu sayen tsohon jirgi a Turai ke nemansu.

Ban ga laifin maƙeran ba ƙwarai, don lissafinsu shi ne jirgi ya yi ƴan shekaru a sauya sabo, kamar mota. Lissafin bai fita ba. Farashi ya hau, shari'o'in neman diyya suka yi yawa, har Cessna ta daina ƙera irin waɗannan jirage a 1986, ba ta dawo ba sai bayan kimanin shekara goma. Mutane suka riƙe tsofaffin. Yau jirgin da ya haura shekara hamsin yana koyar da ɗalibai tuƙi ba abin mamaki ba ne.

Abin da ya farkar da duniya babban jirgi ne. Ran 28 ga Afrilu, 1988, wani Boeing 737 na kamfanin Aloha ya taso daga Hilo zuwa Honolulu a tsibiran Hawai. Yana sama sai rufin gabansa ya yaye, iska ta fizge ma'aikaciya ɗaya, matuƙan suka samu suka sauke shi a tsibirin Maui. Jirgin ya shekara 19 cikin iskar teku, ya tashi ya sauka kusan sau 90,000. Bincike ya nuna mannin da ke tsakanin fallayen ya saki, danshi ya shiga, tsagewa ta bi layin ƙusoshi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan hukumomi suka tilasta wa kamfanonin sufuri tsarin duba tsatsa, sannu a hankali kuma darasin ya gangaro kan ƙananan jirage.

Amma ta yaya za a fenti cikin fiffiken da aka riga aka rufe da ƙusoshi dubbai? Ba ya yiwuwa sai an warware shi. Nan ne man feshi ya shigo. Asalin dabarar tsohuwa ce: ko WD-40 da makanikai suka sani, a 1953 aka haɗa shi, kuma aikinsa na farko shi ne tsare jikin makami mai linzami na Atlas. Na jirage, irin su ACF-50 da CorrosionX, sirara ne ƙwarai. Injiniya yana buɗe ƙananan marufan dubawa, ya zura dogon bututu, ya fesa man da matsin iska har ya zama hazo ya cika fiffike da jela. Man yana kutsawa tsakanin fallaye, ya kori ruwa, ya raba ƙarfe da iska. Makonni bayan haka za a ga yana tsattsafowa ta bakin ƙusoshi, alamar ya kai inda ake so. Shi ya sa ba a yi wa jirgi sabon fenti sai an bar watanni, don fenti ba ya kama maiƙo. Akan maimaita bayan shekara ɗaya ko biyu. Sharaɗi guda: man yana tsayar da ɓarna, ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya tafi. Inda ya ci sosai, sai an kankare an auna kauri, ko a sauya fallen.

Mu mutanen Sahel muna da sa'ar busasshiyar iska. Don irinta ne sojan Amurka suka zaɓi Tucson a hamadar Arizona su jibge tsofaffin jiragensu tun 1946. Amma sau da yawa ƙaramin jirgin da ke sauka Yamai, Agadas ko Injamena na hannu ne, ya yi ƙuruciyarsa a wata ƙasa, wataƙila a bakin teku. Ƙurar hunturu kuma takan taru a lungunan fiffike, damina ta zo ta jiƙa ta, ta kwana tana riƙe da danshi a jikin ƙarfe. Don haka wanda zai sayi irin wannan jirgi, ko zai ɗauki shatarsa, kada ƙyallin fenti ya ishe shi. Ya tambayi inda jirgin ya zauna, a buɗe masa littafin gyaransa ya ga ranar da aka yi masa feshi na ƙarshe, sannan a kwance marufi ɗaya a haska tocila a ciki.