Zazzaɓin da ya fara daga garke: waiwaye kan 2016

In aka ce sauro, masassara ce kawai ke zuwa a ran mutum. To amma akwai wata cuta da sauro ke ɗaukowa wadda kan taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ta taɓa shigowa ƙasarmu.

Cikin watan Agusta 2016 ne aka fara ganin mutane a yankin Cintabaraden, jihar Tawa, da zazzaɓi, idanu sun yi ɗorawa, wasu na zubar da jini. A daidai lokacin bisashe na ta ɓari, ƙanana na mutuwa. Sai a watan Satumba cibiyar Pasteur ta Dakar ta tabbatar cewa zazzaɓin Kwarin Rif ne. Kafin ƙarshen shekara an ƙirga mutum sama da 300 da ake zaton sun kamu, 33 sun rasu, akasarinsu makiyaya.

Sunan daga Kenya ya samo asali, inda aka gano ƙwayar a 1931 cikin tumaki. A 1977 ta auka wa Masar ta kashe ɗaruruwan mutane, a 1987 ta ɓulla Muritaniya, a 2000 kuma ta tsallaka Saudiyya da Yaman.

Ga inda abin ya shafe mu. Wani nau'in sauro na zuba ƙwai a bakin tabki, ƙwan kuma na iya daɗewa cikin busasshiyar ƙasa da ƙwayar cutar a cikinsa. Damina ta yi kyau, tabkuna sun cika, sai ya ƙyanƙyashe ya ciji tumaki, awaki, shanu da raƙuma. Ruwan da muke roƙo ke nan fa. Mutum kuwa ya fi kamuwa ta jinin dabba: wajen yanka, fiɗa, ko jawo ɗan tunkiyar da ta yi ɓari da hannu. Ɗanyar madara ma abin tsoro ce. Shi ya sa gidan sauro, duk da amfaninsa, bai isa shi kaɗai ba.

Yawancin masu kamuwa kan warke cikin mako guda. Kaɗan ne, ƙasa da ɗaya cikin ɗari, ke samun kumburin ƙwaƙwalwa, kuma yana zuwa ne mako ɗaya zuwa huɗu bayan zazzaɓin farko: ciwon kai mai tsanani, mantuwa, sambatu, jijjiga. Nan ne ake cewa iska ce, a yi ta hayaƙi a gida har lokaci ya ƙure. Mai irin wannan, likita za a kai shi, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya in garke ya yi ɓari.

Ba a da rigakafin mutane a kasuwa, amma akwai na dabbobi, kuma kafin annoba ake yinsa. In tumaki da yawa suka yi ɓari lokaci guda, a sanar da ma'aikatan kiwo a ranar, a binne abin da ya fito ba tare da taɓa shi da hannu ba, a tafasa madara kafin yara su sha.