Abin da Harshen 1957 Yake Nema a Kwamfutar Bata

Bata, mahadar Fagge da Sabon Gari a Kano, ta samo sunanta ne daga kamfanin takalman da Tomas Bata ya kafa a garin Zlin a 1894. A shagunan wannan yanki ɗalibi kan sayi kwamfuta ta hannu, ya ɗora mata Linux, ya shiga harhaɗa manhajar ƙididdiga ta R daga tushenta domin ya tace alƙaluman bincikensa na digiri. Sai aiki ya yi nisa, ya tsaya cak da saƙo guda: "cannot find -lgfortran". Ranar miƙa kundi kuwa ba ta jira.

Asalin wannan saƙo ya girmi ɗalibin. A 1957 kamfanin IBM ya fitar da harshen Fortran a ƙarƙashin jagorancin John Backus, masana lissafi suka rungume shi. Da shi aka rubuta taskar BLAS a 1979 da ta LAPACK a 1992, waɗanda suke ɗauke da lissafin jadawalin lambobi. Da Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙiri R a Jami'ar Auckland a farkon shekarun 1990, bisa tsarin harshen S da aka fara a Bell Labs a 1976, ba su sake rubuta waɗannan taskoki ba, domin an daɗe da gwada ingancinsu. Saboda haka R ta tashi da C da Fortran a jikinta.

Kowane ɓangare ana fassara shi daban, kamar yadda baduku yake yanka saman takalmi da tafinsa. Mahaɗi shi ne mai ɗinkin ƙarshe: yana bin kowane suna da aka kira, yana neman inda aikinsa yake. In bai samu ba, ya ajiye allura.

Dalilan sukan kasance uku. Na farko, a 2005 GCC 4.0 ta maye gurbin g77 da gfortran, kuma sau da yawa ana girka mai fassara C ba tare da na Fortran ba, ko a girka su da lambobi mabambanta. Na biyu, gfortran yana ƙara ɗan layi a ƙarshen suna, DGEMM ya koma dgemm_, wanda ya kira shi babu layin ba zai same shi ba. Na uku, mahaɗi yana karanta taskoki daga hagu zuwa dama, don haka LAPACK take gabatar BLAS da ta dogara da ita.

Wanda ya san wannan tarihi yakan fara da kuskuren farko a allon, ya daidaita lambar gfortran da ta gcc, sannan ya duba sunayen da ke cikin taska da umarnin nm. Galibi a nan matsalar take warwarewa, ba tare da an koma Bata neman wata kwamfutar ba.